Manyan Kalmomin Ingilishi da Ɗalibin Madawa, Buza da Keita: Ina Wuyar Take?

1. Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2025 hukumomin Nijar suka zartar da kundin sake fasalin ƙasa, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kafin wannan lokaci Faransanci kaɗai ne harshen hukuma, Ingilishi kuwa darasi ne cikin darussa, wanda yaro ke fara gamuwa da shi a ajin farko na kwaleji bayan ya yi shekara shida a firamare. To, harshen aiki ya wuce harshen gaisuwa da cinikin kasuwa. Wanda zai karanta yarjejeniya, ko rahoton aikin gona, ko takardar da ke cikin kwalin magani, dole ne ya mallaki kalmomin nan da ake kira manya ko masu wuya. Abin da wannan maƙala ke son bincikawa shi ne: waɗanne kalmomi ne masu wuya ga ɗalibin gundumomin Madawa da Buza da Keita a jihar Tawa, kuma ta wace ƙofa ma'anarsu za ta fi saurin shigarsa?

Za a lura cewa "Ingilishi" muke rubutawa, ba "Turanci" ba. Dalili shi ne, a bakin mutanen Nijar da yawa Turanci na nufin harshen Baturen da suka sani, watau Faransanci, alhali a Kano ko Sakkwato Ingilishi yake nufi. Tun daga sunan harshen ke nan an fara samun saɓanin ma'ana tsakanin ɓangarori biyu na ƙasar Hausa.

Wannan rabuwa kuwa ba ta daɗe ba, kuma saura ƙiris da ta faɗo ta wata fuska. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana wa Sakkwato da'ira mai faɗin mil 100 daga tsakiyar birnin, aka bar wa Ingila abin da ke ciki. A kan takarda, Madawa na cikin wannan da'ira. Sai da Faransawa suka matsa neman hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram aka sake iyaka a 1904, aka daidaita ta a 1906. Da ba a sake ba, da yaron Madawa da Ingilishi zai koyi lissafi kamar ɗan'uwansa na Sabon Birni.

2. Hanyoyin da Ingilishi ke shigowa

Ingilishi bai jira makaranta ba kafin ya shigo Adar da Gobir Tudu. Ƙasa ce ta cin rani. Da an gama girbi samari su kama hanyar Ƙonni da Illela, ko ta Bangi, su nufi Sakkwato da Kano da Ikko, wasu har Kumasi da Ankara, su dawo da kuɗi da tufafi da kalmomi. Saboda haka Hausar yankin ta ɗauki aro daga gefe biyu. Daga Faransanci ta samu lakwal da mushe da farfe da jandarma da kuran. Daga Ingilishi kuma, ta bakin direbobi da fatake da leburori, ta samu birki da taya da giya da kwangila da kamasho da kanti. Akwai kuma lokacin da Ingilishi ya zo da ƙafarsa: daga 1962 zuwa 2011 matasa ƴan sa-kai na Amurka sun zauna a garuruwan Nijar, wasunsu suna koyar da harshen a kwalejoji, wasu suna aikin gandun daji, kamar dashen layukan dogon yaro na kare iska da aka fara a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, a 1975.

Daga nan za a ga cewa masu neman Ingilishi a yankin iri biyu ne, kuma buƙatarsu ta sha bamban. Akwai ɗan kwaleji wanda ya shekara shida ko fiye yana karatu da Faransanci. Akwai kuma magidancin da bai shiga lakwal ba, amma ya yi rani goma a kudu, yana jin Buroka, wani lokaci kuma yana da karatun allo mai ƙarfi. Mafi yawan abin da za a faɗa a nan ya shafi na farko, amma za mu komo kan na biyu.

3. Asalin kalmomin da ake kira manya

Ingilishi harshe ne mai hawa-hawa. Gindinsa na dangin Jamusanci ne, kuma daga nan ne gajerun kalmomin yau da kullum suka fito. A shekarar 1066 Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na kimanin shekara 300. Bayan haka malamai suka yi ta kwaso kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci don ilimi da addini da likitanci. Shi ya sa sau da yawa ma'ana guda ke da kalmomi uku: *ask* ta gida, *question* ta Faransanci, *interrogate* ta Latin, haka *rise* da *mount* da *ascend*. A 1973 Finkenstaedt da Wolff sun ƙididdige kalmomi kimanin 80,000 na wani ƙamus na Oxford, suka tarar kashi 28 cikin 100 daga Faransanci suke, wani kashi 28 daga Latin, na gindin Jamusanci kuwa kashi 25 ne kawai.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari, domin abin da Faransanci da Latin suka yi wa Ingilishi shi Larabci ya yi wa Hausa. Muna da sani muna da ilimi; muna da magana muna da jawabi da lafazi; akuya ta mutu, mutum ya rasu, babban malami ya yi wafati. Yaro na sane sarai cewa ba a musanya waɗannan yadda aka ga dama, ko da bai taɓa jin an bayyana masa dalili ba. Malamin da ya buɗe darasi da wannan misali ya gama rabin aikin bayyana abin da ya raba *die* da *decease*.

Yanzu ga inda maganar take. Littattafan koyon manyan kalmomi da ake bugawa a Ingila da Amurka, har da na Nijeriya, an tsara su ne don wanda ya riga ya ƙware a hawan ƙasa, yana neman hawa sama. A wurinsa *ask* ce mai sauƙi, *interrogate* ce dutse. Ɗalibin Keita kuwa ya san *interroger* tun yana firamare, domin da ita mushe ke tayar da shi tsaye. Abin ya juye ke nan: hawan sama ne yake da tsani zuwa gare shi, hawan ƙasa ne ba shi da shi.

Ana iya gwada wannan da jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000 a ƙasar New Zealand. Ta tace rubuce-rubucen jami'a masu kalma miliyan 3.5, ta ware iyalan kalmomi 570 waɗanda ke cike kusan kashi 10 cikin 100 na kowane shafin ilimi, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasu daga Latin da Girkanci suke. In aka ɗauki rukunin farko mai kalma 60, za a ga *analyse, concept, context, define, economy, factor, method, principle, structure, theory* da makamantansu, waɗanda ɗan aji uku na kwalejin Buza zai gane da kallo ɗaya. Waɗanda za su tsaya masa a wuya ƴan kaɗan ne, irin su *assess, available, data, income, involve* da *occur*. Sa shi haddar jerin nan daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda za a sa ɗalibin Sin ko Japan, ɓarnar lokaci ce.

Lokacin kuwa ba shi da yawa. Paul Nation ya nuna a 2006 cewa mai karatu na buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin jarida ko littafin hira, watau matsayin da zai karanta ba tare da ƙamus a hannu ba. Kwaleji da lise shekara bakwai ne. In an raba 8,000 gida bakwai, aka ƙaddara mako 30 na karatu a shekara, za a samu kusan kalma 40 kowane mako, ba hutu ba mantuwa. Babu ajin da zai iya wannan. Abin da zai sa lissafin ya yiwu shi ne a cire dubban kalmomin da Faransanci ya riga ya biya kuɗinsu, a koya wa yaro yadda zai karɓe su.

Karɓar kuwa tana da ƙa'idoji ƴan kaɗan masu saurin kamawa. Ɗafa-ƙeyar *-té* kan koma *-ty*, kamar *qualité* da *quality*. *-Eux* kan koma *-ous*. *-Aire* kan koma *-ary*. *-Ique* kan koma *-ic*. Ƴar hular da Faransanci ke ɗora wa wasali sau da yawa kabarin harafin *s* ce, wanda Ingilishi bai binne ba: *forêt* da *forest*, *hôpital* da *hospital*, *bête* da *beast*. Haka *é-* ta farkon kalma: *état* da *state*, *étrange* da *strange*, *éponge* da *sponge*. Sai kuma saiwoyin Latin, irin *port* da ke cikin *import, export, transport, support*, wadda asalinta ɗauka ne. Nan ma Hausa na da abin kwatance, domin hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk saiwa guda suka fito a Larabci, kuma almajiri ya san haka.

4. Kama da wane

Sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Cikin kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu akwai waɗanda ma'anarsu ta rabu tun ƙarnoni, kuma su ne mafi haɗari, domin kalmar da mutum bai sani ba takan tura shi ga ƙamus, amma wadda yake zaton ya sani ba ta tura shi ko'ina. Littattafan makaranta kan kawo *library* da *actually* da *eventually*, su tsaya nan. Waɗannan ba laifi, amma ba su ne za su cuci mutumin yankin nan ba. Masu cutarwa suna cikin harshen noma da ruwa da ciniki da asibiti, inda zai yi aiki.

A ɗauki *forage*. A Faransanci rijiyar burtsatse ce, har kalmar ta shiga bakin mutanen ƙauye. A Ingilishi kuwa abincin dabbobi ne, ciyawa da harawa, kuma ƴar'uwarta ta gaskiya a Faransanci ita ce *fourrage*. Rijiyar burtsatse *borehole* ce. Sakataren ƙungiyar manoma da ya rubuta wa masu ba da taimako cewa ƙauyensu na buƙatar *forage* guda biyu ya roƙi ciyawa alhali ƙishirwa ke damunsu. Ko *exploitation*: a takardun aikin gona na Nijar gandun iyali ne, gonar da gida ke nomawa, amma Ba'ingile in ya ji ta, ci da gumin wani ne ke fara zo masa. *Labour* a Faransanci huɗa ce, a Ingilishi ƙwadago ne ko naƙuda. *Culture* ta albasa a Ingilishi *crop* ce ko *cultivation*; in aka bar ta yadda take sai ta koma al'ada. Filin noman rani irin na Ibohaman, wanda Faransanci ke kira *périmètre*, in an juya shi *perimeter* ya zama kewayen fili kawai, ba ruwa ba shuka. Aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a Keita a 1984 da taimakon Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, *récupération des terres* ake ce masa; *recuperation* kuwa a Ingilishi murmurewar majinyaci ce.

Ta fuskar ciniki babu kamar *delay*. *Délai* wa'adi ne, lokacin da aka ba ka ka cika alkawari. *Delay* jinkiri ne, lokacin da ka ɓata bayan wa'adi ya wuce. Albasar kwarin Tarka da ta Galmi har Gana ake kai ta, kuma kaya ne da ba ya jiran kowa. Ɗan kasuwar da ya karanta *a delay of five days* ya fahimci an ba shi kwana biyar, alhali ana gaya masa motarsa za ta yi kwana biyar a tsaye, zai gane kuskurensa ne a warin buhu. Haka *demand*: *demander* roƙo ne ko tambaya cikin ladabi, amma wanda ya rubuta wa shugaban jami'a a Sakkwato *I demand admission* ya buga masa tebur ne bai sani ba. A asibiti kuma *injury* rauni ne, *injure* ta Faransanci zagi ce.

Ra'ayina shi ne, irin waɗannan kalmomi su ne ya kamata su ci mafi yawan lokacin da aka ware wa ma'ana a ajin ƙarshe na kwaleji da lise, kuma a zaɓo su daga takardun da ke yawo a yankin, ba daga littafin da aka rubuta don yaran Paris ba. Amma kada a wuce gona da iri. Na sha ganin ɗalibin da aka tsorata da su har ya daina amincewa da kowace kalma mai kama da Faransanci, ya koma buɗe ƙamus a kan *important*. Masu yaudarar ƴan tsiraru ne a kan masu gaskiya. Abin da za a koya masa shi ne ya yarda da kama, sa'an nan ya tambayi jimla: in ma'anar ta zauna daidai, ya wuce, in ta yi gurgunta, ya tsaya.

Akwai wata yaudarar da ba ta ma'ana ba, ta furuci. Ɗalibi na iya sanin *develop* da *determine* da *comfortable* a takarda, ya ji su a rediyo bai gane su ba, domin Faransanci na sauke nauyin murya a gaɓar ƙarshe, Ingilishi kuwa na yawo da shi: *economy* a gaɓa ta biyu, *economic* a ta uku. Har yakan raba suna da aikatau da shi, kamar a *record* da *export*. A nan kunnen Bahaushe ya fi na Bafaranshe shiri, tun da da karin sauti yake raba kukan yaro da kukar miya, da wuyan riga da wuyar aiki. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa wannan kunne zai yi amfani da shi, a kuma sa alamar nauyi a kan kowace sabuwar kalma tun ranar da aka rubuta ta a allo. Sai a haɗa da horo a kan *p* da *f*, waɗanda Hausa ba ta rarrabe su, balle Adarci da ke da *hw* a gurbinsu. *Defend* da *depend* ba abu guda ba ne a gaban alƙali.

5. Gajerun kalmomi

Wuyar gaske tana inda ba a nemanta. Duk wanda ya buɗe rahoton Ingilishi a kan Majiya ko Keita zai tarar da *drought, livestock, runoff, watershed, windbreak, yield, shallow well, lean season*. Babu ɗaya da Faransanci zai taimaka a kanta, domin can *sécheresse* ne da *bétail* da *ruissellement* da *bassin versant* da *brise-vent*. Jerin kalmomi 2,000 na yau da kullum da Michael West ya buga a 1953 cike yake da ƴan gajeru irin *get, set, bear, draw, run*, waɗanda kowace ke ɗauke da ma'anoni barkatai. *Yield* kaɗai na nufin amfanin da gona ta bayar, da ribar jari, da miƙa wuya, da ba wani hanya a kan titi. Ba a sa irin waɗannan cikin manyan kalmomi don gajeru ne, ɗalibi kuma yakan raina su don ya san ma'anarsu ta farko tun ajin farko.

Mafi tsanani su ne aikatau masu ɗan rakiya: *give up, give in, give away, give out*, *put off, put up with, put out*. Faransanci ba shi da wannan gini, shi ya sa malamin da ke bayani da Faransanci yakan ce a haddace kawai, babu dalili. Amma Hausa na da abin da ya yi kusa da shi ƙwarai. A dubi ci: ci gaba, ci amana, ci bashi, ci kasuwa, ci sarauta, ci mutunci, ci rani. Ko sha: sha wuya, sha kashi, sha alwashi, sha gaban wani. Babu mai jin Hausa da zai nemi ma'anar cin amana ta hanyar haɗa ma'anar ci da ta amana. Ya san abin dunƙule yake. Da zarar an ce wa yaro *give up* irin cin amana ce, a dunƙule ake ɗaukarta, tsoron ya ragu. Haka harɗaɗɗun sunaye: harshen da ya ƙera hana-salla da dafa-duka da faɗi-tashi ba zai yi mamakin *windbreak* da *runoff* ba. Bambancin da za a nuna shi ne Hausa kan sa aikatau gaba, Ingilishi kuwa sau da yawa yakan sa shi baya, ya ce iska-karya inda za mu ce karya-iska.

A nan ne magidancin da muka ambata a baya ya fi ɗan kwaleji. Shi gajerun kalmomin ya kwaso a tasha da kasuwa, dogayen ne ba shi da su, ba shi kuma da Faransancin da zai hau. Jerin da ya dace da shi kishiyar na ɗan kwaleji ne, kuma masu tsara yaƙi da jahilci bai kamata su ba su littafi guda ba. Jarinsa shi ne ararrun kalmomin da ke bakinsa, sai dai su ma suna da nasu kama-da-wanen. Bariki ta fito daga *barracks*, amma a Hausa ta zama duniyar ƴan iska da zaman kai. Kanti daga *canteen* take, amma ba a cin abinci a cikinta. Kamasho ladan dillali ne kawai, *commission* kuwa har hukuma takan nufa. Oda a Hausa doka ce ta hani, *order* kuwa ta haɗa umarni da tsari da sautun kaya. Kowace ɗaya darasi ce guda: ga abin da muka aro, ga abin da muka baro.

6. Da wane harshe za a ba da ma'ana?

An daɗe ana bin ra'ayin cewa a ajin Ingilishi kada a ji wani harshe sai Ingilishi. Tsofaffin ƴan lakwal kuma ba su manta da "sambol" ba, abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a farfajiyar makaranta. Sakamakon shi ne, in ma'ana ta gagara, malami kan fassara da Faransanci a gurguje, yaro ya rubuta *drought = sécheresse*, ya haddace. In Faransancin nasa mai ƙarfi ne, to. In kuwa rarrauna ne, kamar yadda yake ga yara da yawa na ƙauye, an bayyana masa duhu da duhu ke nan. Alhali yaron Tamaske ya san fari sanin da babu ƙamus da zai ƙara masa. Ya san zaizayar ƙasa don ya ga ƙorama ta cinye gonar ubansa. Ma'ana ba ta zama sai ta taɓa abin da mutum ya sani, abin da ya sani kuwa da Hausa ya san shi. Makarantun gwaji masu fara karatu da harshen gida, waɗanda aka soma a Damagaram a 1973, a kan wannan tushe aka gina su, kuma babu dalilin da zai sa tushen ya tsaya ga Faransanci kaɗai.

Rabon aikin, a ganina, shi ne Faransanci ya ba da siffar kalma, Hausa ta ba da ma'anarta, Ingilishi ya ba da jimlar da take zaune a ciki. Ƙamusoshin da ke hannu kuwa ƙafa biyu gare su. Na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990 sun haɗa Ingilishi da Hausa. Na Abdou Mijinguini na 1987 da na Caron da Amfani na 1997 sun haɗa Hausa da Faransanci. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 Hausa ne zalla. Abin da ajin Madawa ke buƙata ƙaramin littafi ne mai ƙafa uku kamar murhu, wanda kowace shigarwa a cikinsa za ta nuna kalmar da alamar nauyinta, da ƴar'uwarta ta Faransanci in akwai, da gargaɗi in mai yaudara ce, da ma'ana cikin Hausa, da jimla ɗaya daga rayuwar yankin. Ba sai ya kai kalma dubu goma ba. In ya tsallake abin da yaro zai gane da kansa, ya tsaya kan masu yaudara da gajeru masu ma'ana da yawa da ƴan kalmomin ilimin da Faransanci bai rufe ba, zai shiga aljihu.

Hadda kuma kada a raina ta, ko da yake masana koyarwa na zamani sun sha kushe ta. Ƙasar da yara ke haddace Alƙur'ani ta san abin da Hermann Ebbinghaus ya auna a 1885, cewa mafi yawan mantuwa a kwanakin farko take aukuwa, kuma maganinta komawa a kai a kai da tazara. Almajiri bai wanke allo ya wuce ke nan. Yana da tishi, yana da tilawa. Abin da ke kashe haddar kalmomin Ingilishi a kwaleji shi ne babu tishi: a ba da kalma ashirin ranar Litinin, a yi jarrabawa ranar Jumma'a, ba a sake waiwayarsu sai an zo BEPC.

Saura magana guda ga waɗanda za su rubuta ɓangaren Hausa na wannan littafi. Ba zai yiwu a kwafo ma'anoni daga ƙamusun Kano a zuba ba tare da an gwada su a bakin mutanen yankin ba. Rubutu dai an daidaita shi gwargwado, tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 da dokar rubutun harsunan Nijar ta 1999, kuma Bernard Caron ya bayyana nahawun Adarci a littafinsa na 1991. Amma kalmomi ba su bi taro ba. Jika a Kano naira 200 ce, a Madawa sefa 1,000 ce. Likita a can mutum ne, a nan har ginin da yake aiki a ciki. In ƙamus ya ce ma'anar *pen* ita ce biro, yaron Buza zai rubuta a littafinsa cewa *pen* ofishin farfe ne, domin nan ne biron da ya sani. Kafin a kai littafin maɗaba'a, a karanta kowace ma'ana da babbar murya a gaban ƴan aji ɗaya a Keita, da na Buza, da na Bangi, a tambaye su abin da suka ji.